Na-Ƙarƙashin Katako

Bari in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: wawan labarin nan ni ne. Kuma ba wautar ƙuruciya ba ce da ake wankewa da ruwan kaciya. Tawa ta girma tare da ni, ta yi gemu, har ta shiga fim. Ni ne Issaka, wanda ya yi aji huɗu a boko ya ga ilimin ya ishe shi haka, ya bar wa na baya saura don kada a ce ya yi haɗama.

A Nima aka haife ni, a gidan kakata Adiza, mahaifiyar babanmu. Mijinta ya rasu ya bar mata ɗakuna a jere, ta zuba 'yan haya. Bayan gidan akwai babbar gota, kwatar nan da ta raba mu da Maamobi. Baƙo zai ce ai lambatu ne. A'a. In ruwan sama ya sauko takan ɗauki akuya, ta ɗauki teburin mai koko, wata shekara har mutum ta ɗauka. A kanta aka gitta katako, kowa yana tsallakawa yana salati.

Sana'ar Kaka waakye, wato shinkafa da waken nan da mutanen Accra suka gutsure wa suna. Wake ba ya son gaggawa, don haka tun bayan magariba take hura wuta a ƙarƙashin ƙatuwar tukunya. Mu yaran gida mu zauna kewaye da tire muna tsince tsakuwa daga shinkafa. Ladanmu biyu ne, ƙanzo da tatsuniya. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta ce, “Ga wata can tafe, ba takalmi.” Mu ce, “Ta shigo, akwai tabarma.”

A shekarar da nake ba ku labari, cikin shekarun saba'in, ƙanwata Memuna ta daina magana. Yarinya ce da ba ta wuce shekara shida ba, mai surutu kamar rediyon shagon aski, sai kawai aka ji shiru. Ta rame, ta koma fitsarin kwance, in an kira sunanta sai ta zabura. Babanmu direban babbar mota ne, yana hanya kullum. Innarmu tana kasuwar Makola daga asuba zuwa duhu. An yi rubutu ta sha, an kai ta asibiti suka ce ba su ga komai ba. Na ji Inna tana kuka a ɗaki tana cewa in aka ci gaba a haka yarinyar nan ba za ta kai damina mai zuwa ba.

Ni kuwa a lokacin hankalina yana wurin Kawu Seidu. Ba kawunmu ba ne, ɗan haya ne, tela, amma a Zongo duk wanda ya girmi mahaifiyarka da kwana ɗaya ya zama kawu. Mutum ne mai tsafta, farin kaftani, sahun farko a masallaci. Kullum da kanumfari a bakinsa, kuma kafin ya yi magana sai ya yi ɗan tari sau biyu, kamar mai neman izini. Yakan je silima wajen Circle ya dawo ya ba ni labarin fim daga farko har ƙarshe, da ƙarar bindiga da komai. Ni kuma in ɗebo masa ruwan alwala, in riƙe masa buta kamar an ba ni sarauta.

Wata ranar da hadari ya haɗu bai zubar ba, Kaka ta jawo Memuna ta zaunar da ita a jikin ƙafarta, ta fara wata tatsuniyar da ba mu taɓa ji ba.

Wai akwai wata yarinya da kowa ke aike. Hanyar aiken kuwa ta kan wani katako ce, a kan wani ruwa baƙi. A ƙarƙashin katakon akwai wani abu da ake kira Na-Ƙarƙashi. Ba ya cin nama, ba ya shan jini. Magana yake ci. Duk ranar da yarinyar ta kai tsakiyar katako sai ta ji an riƙe mata ƙafa, a ce, “Ba ni kalma ɗaya ki wuce.” Ranar farko ya karɓe “a'a”. Daga nan ko me aka ce ta yi sai ta yi. Sai ya karɓe “Inna”, ta zama ba ta iya kiran uwarta. Ya karɓe “zafi”, ya karɓe “tsoro”, ya karɓe sunanta. Tana ta ƙanƙancewa kamar sabulu a ruwa, mutanen gidansu suna kallo, ba su san abin da ke cin ta ba.

Yadda Kaka ke faɗin “Ba ni kalma ɗaya” har yau in na tuna sai gashin hannuna ya tashi. Ba ta ƙara murya. Rage ta take yi, ta yi laushi, kamar mai lallashi. Gota kuma tana bayan katanga muna jin motsin ruwanta. Alidu, ɗan maƙwabtanmu mai cika baki, ya matso har gwiwarsa ta shiga tiren shinkafa.

Kaka ta ce rannan kalma ɗaya tak ta rage wa yarinyar. Ta hau katako, katako ya fara rawa, ruwa ya tsage, abin ya taso zai karɓa ido da ido. Sai Kaka ta yi shiru. Ta miƙe, ta buɗe tukunya, ta shiga juya wake kamar ba ita ta bar mu a tsakiyar katako ba.

Muka ce, “Kaka, yaya kamanninsa?”

Ta ce, “Ni idona ya tsufa, jikokina, hayaƙi ya cinye shi. Ban gan shi da kyau ba. Kai Alidu, kana kusa, me ka gani?”

Alidu ya ce ƙaton takalmin soja gare shi, ba fuska. Wata yarinya ta ce kare ne mai haƙoran mutum. Da aka zo kaina na ce ƙaho gare shi, da ido ja kamar garwashi, don ni ban ga amfanin dodon da ba ƙaho ba. Kaka tana gyaɗa kai tana cewa, “Haka ne, ka gani da kyau.” Sannan, ba tare da ta dubi ƙasa ba, ta ce, “Ke fa, uwar ɗakina? Ke ce ƙarama, idonki ya fi na kowa.”

Mun ɗauka ɓata baki take yi. Wuta ta yi ƙara. Can sai muka ji wata 'yar murya da muka manta da ita, a shaƙe.

“Ba ƙaho.”

“To, me gare shi?”

“Warin kanumfari.” Ta ƙanƙame ƙafar Kaka. “Yana tari sau biyu. Yana cewa yarinyar kirki.”

Kaka ba ta ko ɗaga gira ba. Ta rufe tukunya, ta ƙarasa tatsuniyar a gaggauce. Wai abin nan ba ya jure a faɗi kamanninsa a gaban wuta. Yarinyar ta faɗa, cikinsa ya fashe, kalmomin da ya haɗiye suka fito suna tsalle kamar kwaɗi, kowace ta koma bakin mai ita. “Ta tafi, ta bar mana tabarmarmu,” in ji Kaka. “Ku tashi ku kwanta. Memuna a ɗakina za ta kwana.”

Ni ban rintsa ba. A kwance nake ina haɗa lissafi irin na masu ilimi: ashe dodon ƙaho gare shi, kuma yana tauna kanumfari.

Washegari, abin da ba a taɓa gani ba, Kaka ba ta fita da waakye ba. Ta ajiye kujera a ƙofar ɗakin Kawu Seidu ta zauna, muciya a kan cinyarta. Ban ji abin da suka ce ba. Kafin azahar keken ɗinkinsa yana kan kura. Ni na yi ta kuka, na raka shi har bakin titi ina riƙe da butarsa, ina jin haushin tsohuwar da ta kori mutumin kirki ba gaira. Memuna ta fara magana a hankali, ta fara cin abinci, kumatu suka dawo. Aka ce rubutu ne ya yi aiki. Na yarda.

Tsoron kuwa ni ya kama. Rabin tsofaffin Nima suna tauna kanumfari, don haka duk inda na juya dodo yana kusa. Na daina hawa katakon nan. In an aike ni Maamobi sai in zagaya ta babban titi. Har na yi aure ina zagayen nan, ina ce wa mutane motsa jiki nake yi.

A farkon shekarun casa'in bidiyo ya shigo gari, kowa mai kyamarar biki ya zama darakta. Lokacin Kaka ta rasu, ni kuma ina sayar da fitilun mota a Abossey Okai. Wani saurayi, Bra Kwesi, ya zo sayen fitila zai haɗa da batir ya haska fim ɗinsa. Ya iya Hausar Zongo irin wadda ba ruwanta da mace ko namiji. Ya ce, “Chale, abokina, kyamara ba komai ne. Labari ne wahala. Duk fim da ka gani tatsuniyan tsohuwa ne ya sa takalmi. Mutum yana so abu, yana tsoron abu, wani abu ya tare hanya. Shi ke nan.”

Na ce ya zauna. Na ba shi Na-Ƙarƙashi da muryar Kaka, da rana tsaka, a tsakiyar ƙarar guduma, sai ga shi yana shafa damtsensa. Muka rubuta shi tare a bayan shago. Da muka zo wurin da abin ke tasowa ya ce kada a nuna shi. Katako ya yi rawa kawai, a nuna idon yarinya, kowa ya ga nasa dodon. Na dube shi da tausayi. Na ce, “Kwesi, kakata ba ta da kyamara ne shi ya sa ta ɓoye shi. Mu da Allah ya hore wa, sai mu yi wa jama'a rowa?” Ya tambaye ni abin da ƙanwata ta ce ta gani. Na ce ai bidiyo ba ya ɗaukar wari, tari kuma ba ya tsorata kowa. Na je wurin mahauta na samo kan bijimi da ƙahonsa, na ɗinka masa jiki da buhunhuna, na sa jajayen fitilun sigina a gurbin ido.

Aka nuna fim ɗin a wani gidan bidiyo a Maamobi, benci cike, Memuna a gaba da goyonta. Wallahi rabin farko ba mai motsi. Da muryar nan ta ce “Ba ni kalma ɗaya” na ji wata mata tana karanta duk addu'ar da ta sani. Ni kaina da na san Alidu ne a ƙarƙashin katakon, sai da na runtse ido. Sai kan bijimin ya taso. Ban san yadda na haɗa wayar ba, idon hagu ya kama ƙyaftawa. Wani yaro daga baya ya yi ihu, “A ba shi hanya, zai yi kwana!” Benci ɗaya har ya kife don dariya.

Yanzu da furfura ta gama da ni nakan zauna in yi tunanin abin. Kwesi ya yi gaskiya, tatsuniya ce uwar fim, amma ko shi rabi ya gane. Shi ya ga dabarar tsoratarwa ce a bar gurbi. Kaka ba don ta tsorata mu ta bar shi ba. Ta san yaro ba ya iya cewa wane ne ke cutar da ni, amma yana iya cewa dodo kaza ne kamanninsa. Sai ta gina yarinyar tatsuniya da ciwon jikarta, kalma bayan kalma, ta kai ta tsakiyar katako, ta koma gefe tana juya wake tana saurare. Takalmin sojan Alidu ma ba daga sama ya faɗo ba. Duk wanda zai ƙirƙiri mutum a labari, in bai san abin da ke riƙe masa ƙafa ba, buhu kawai ya ɗinka.

Kada ku ɗauka ni na gano wannan da aji huɗuna. Bayan an tashi daga bidiyon na bi Memuna gida, don ita ta gaji tukunyar Kaka. Na zauna a bakin wuta ina huci, ina cewa mutanen Zongo ba su san fasaha ba. Tana ta juya wake har na ce, “Ke ma ai da laifinki. Da kin faɗi kamanni na kirki a ranar, da na sami abin nunawa. Wane irin dodo ne mai tari?”

Ta ajiye muciya. Ta ce, “Yaya, wai har yau?”

“Har yau me?”

“Seidu yana shan giyar akpeteshi a ɓoye. Ni yake aike Maamobi da kwalbar magani in sayo masa. Ranar da na ce zan gaya wa Inna, ya kai ni tsakiyar katako, ya ɗaga ni da hannu ɗaya a kan ruwa, ya ce yarinyar kirki ba ta magana. Duk aike sai ya tuna mini.”

Amma wawa ba ya faɗuwa sau ɗaya. Na ce, “To ai da kin gaya mini, ni yayanki, da na...”

Ta ce, “Da ka yi me? Ka shekara ashirin kana zagaye titi don gudun mai ƙaho. Nawa dodon a ɗaki na uku yake kwana, kai kake riƙe masa buta.”