Sista Faustina, Mai Taɓa Ƙafafu

Duk wanda ya shiga ɗakin Sista Faustina a asibiti a Kafanchan ya san ƙa'ida: cire takalmi kafin gaisuwa. Kana "ina kwana" ta riga ta durƙusa, yatsunta a kan ƙafarka tana neman bugun jini. Fasto ne kai ko alhaji, ba ruwanta. Masu zuwa wurinta mutane ne da jijiyar jinin ƙafarsu ta toshe, likitocin birni suka yi musu aiki, suka ɗinka wa jini sabuwar hanya. Likita ya gama nasa ya sallame su. Abin da ya biyo baya, shekara da shekaru, Faustina ce ta ɗauka.

Kullum maganarta ɗaya: "Wannan hanya tana iya sake toshewa. Ranar da ƙafa ta yi sanyi, ku zo."

Baba Silvanus, manomin citta a Kwoi, ya ji wannan magana har ta gundure shi. Da ya ga yana noma lafiya lau, sai ya ajiye magani, ya ɗauke ƙafa. Da ƙafarsa ta hagu ta fara sanyi da ciwo, ya yi abin da ya gada: ya daka citta ya shafa, ya kara ta kusa da murhu. 'Yarsa Afiniki tana wurin ranar da Sista ta hau babur har gidansu, don shirunsa ya yi yawa.

Sista ta ce, "Baba, cire takalmi."

"'Yata, sanyi ne kawai. Citta tana aiki."

Ta taɓa dama, ta taɓa hagu.

"Citta fata take ɗumamawa, Baba, ba ta buɗe hanyar jini. In muka bari, yanke ƙafar za a yi."

"An riga an tsaga ni sau ɗaya. Bai isa ba?"

"Bai isa ba. Tashi mu je."

Aka sake aikin. Ya rasa yatsu, amma ƙafar ta tsira.

Ba kowa ta ceto ba, kuma abin yana cin ranta. Malam Hussaini mai shago ya zo a makare, aka yanke masa ƙafa. Har yau takan tsaya a shagonsa ta duba ɗayar da ta rage.

Sista, ke ce wadda ba ta ƙyamar ƙafar manomi da taɓonta. Ranar bikin ritayarki, Baba Silvanus ya tako da kansa har gabanki, ya cire takalmi ba wanda ya ce masa. Kika durƙusa kamar kullum, kika taɓa, kika ce, "Da ɗumi."

Mun gode, Allah ya saka miki. Ku da kuka karɓi aikinta, kada ku ji nauyin durƙusawa.