Kwarkwaron Keken Inna

Duk sanda kuɗin lakwal ɗina, wato kuɗin makaranta, ya taso, Inna takan kai keken ɗinkinta jingina wurin wani mai shago a Zongo. Kafin ta miƙa, sai ta cire kwarkwaron zaren ta ƙulle a bakin zaninta. Takan ce, "Ba mai ɗinki da kekena ina raye."

Shekarar da ta kwanta ciwo, keken yana jingina har wa'adi ya wuce. Mutumin nan, ko kunyar maƙwabtaka babu, ya sayar wa wani tela a unguwar Akpakpa. Na kasa gaya mata. Har ta rasu tana cewa in ta samu sauƙi za ta fanso shi.

Da mata suka gama yi mata wanka, suka miƙo mini zaninta. Kwarkwaron yana nan a ƙulle.