Uwar Isufu

A ƙauyensu, gabas da Dogarawa a bakin kwalta, gida uku ne kawai na Kirista, kuma gidan Kyauta ne na farko. Mijinta Barmo ne ya kawo abin. Ya tafi asibitin Mishan da gyambon da ya ƙi warkewa, ya yi wata huɗu, ya dawo da lafiyayyar ƙafa da Littafi Mai Tsarki a aljihu. Dangi suka yi faɗa, suka yi fushi, suka gaji. Ita kuwa ta shekara biyu tana kallonsa ta wutsiyar ido, don ba mai bin abu da ka ba ce. Da ta ga mutumin da ko akuya ba ta tsira daga bakinsa ba ya daina zagi, sai ta ce lalle akwai magana a nan, ta bi shi.

Ba ta iya karatu ba har ta bar duniya, amma addu'a kam ta riƙe ta kamar sana'a. Kullum da safe, lokacin da maƙwabta ke dawowa daga masallaci, sai ta shimfiɗa buzu a bayan rumbu, ta rufe kai, a karanta mata 'yan layuka, ta yi godiya, ta yi roƙo. Daga nan sai ta yi shiru. Shirun nan ya fi komai tsawo, har kaji su fito su yi ta tono kusa da ƙafarta. In an tsokane ta cewa barci ne take ramawa, sai ta ce, "Wa kag gani ya yi sallama bakin gida ya juya tun ba a amsa mai ba? Na yi magana, sai in tsaya in ji." Ba murya take ji a kunne ba, ita ma ba ta taɓa cewa haka ba. Wani abu ne ke kwanta mata a zuciya, yawanci ɗan ƙarami: tashi ki gaida wance da kuka yi cacar baki, ko kai wa wane kunu. Kuma in ta ji takan tashi ta yi, ko da tana gunaguni.

Haihuwa shida ta yi, biyu suka rayu, mace ɗaya da ke aure a Ƙonni da Isufu, ɗanta na fari. To, kowa ya san yadda uwa ke yi da ɗan fari a ƙasar nan. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna wa jama'a ta san da zamansa. Kyauta ta shiga sabon addini, amma kunyar nan ta shiga da abarta. A gidan baffansa Munkaila yaron ya tashi, in ta so ambatonsa sai ta ce "wancan". Ko a gaban Ubangiji haka take cewa, wai ai Ya san wanda take nufi. Son da take yi masa kuwa, tun da ba shi da hanyar fita, sai ya taru mata a ciki.

Barmo ya rasu a shekarar alif ɗari tara da tamanin da ɗaya. Bayan shekara uku Isufu ya auro Balaraba, 'yar ɗaya daga gidajen nan uku, yarinya mai sanyin hali da ta yi aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko, ita ta karɓi karatun safe. A shekarar ne damina ta ƙi. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe, rumbuna suka zama ɗakin ɓera. Samari suka yi ta sulalewa Nijeriya ta hanyar daji, don an rufe iyaka. Isufu ya zo sallama, ya durƙusa a bakin ƙofa. Kyauta ba ta ɗago kai daga tankaɗen da take yi ba, ta ce, "Allah shi tsare." Wata takwas ke nan da aurensa.

Waɗanda suka tafi tare suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ce sun rabu a Sakkwato, wani ya ce ya ji an gan shi yana dako a Ikko. Babu wasiƙa, babu saƙo. Roƙon Kyauta na safe ya koma guda ɗaya tak: a gaya mata ko wancan yana raye. Balaraba takan rufe Littafi ta jira surukarta ta gama shirunta, sannan ta tambaya a hankali, "Inna, mi kinka ji?" Ita kuma ta ce, "Mu jira." Da gaske take faɗa, don haka take ji a ranta.

Ran wata Talata a cikin bazarar tamanin da bakwai, Balaraba ta tafi kasuwa, Kyauta na daka da matan unguwa a gindin itacen bedi. Wata babbar mota ɗauke da siminti ta tsaya a bakin kwalta, direban ya sauko ya nufo su, bai ko kashe mota ba. Ya gaisa, ya ce, "Wace ce uwar Isufu ɗan Barmo? Ina da saƙo."

Mata suka juyo gaba ɗaya suka dube ta. Kyauta ta ajiye taɓarya, ta ja mayafi, ta shige ɗaki. Ba tunani ta yi ba, ƙafafunta ne suka yi abin da aka koya musu shekara ashirin da shida. Matan ma ba su ga laifinta ba, har wata ta yi 'yar dariya ta ce wa baƙon, "Ɗan hwari na, malam. Tahi gona wurin baffanai, ga ta can bayan hwadama." Wata ta tambaye shi ko lafiya, ya ce maganar ta dangi ce. Ya dubi rana, ya dubi motarsa, ya ce yau sai ya kai Maraɗi, amma zai tsaya in ya dawo. Babu wadda ta tambayi sunansa.

Kyauta tana tsaye a bayan asabari, ba abin da ya wuce kunnenta. Taku uku ne tsakaninta da tsakar gida. Tana cewa a ranta bari matan su ɗan watse, bari ya ƙara tambaya sau ɗaya, sai ta ji ƙarar mota ta tashi. Ta fito da gudu, kai ba ɗankwali, ta tarar da hayaƙi.

Direban bai dawo ba. Munkaila, Allah ya saka masa, ya je Malbaza har sau uku ya zauna a bakin ƙofar kamfanin siminti yana tambaya. Aka ce masa motoci daga ko'ina suke zuwa, wane direba, wace mota? Matan suka ce dogo ne baƙi, wata ta ce a'a, gajere ne mai gemu.

Tun daga ranar shirun safe ya zama wa Kyauta azaba. Tana zama dai, ba ta taɓa fashi ba, amma ba ta jin komai sai ƙarar motar nan. Duk da haka in Balaraba ta tambaya sai ta ce, "Mu jira." Ga yarinya tana tsufa a ɗakin mijin da ba ya nan. Sa'o'inta sun yi goyo na biyu da na uku, ita tana ɗebo ruwa tana karanta wa tsohuwa Littafi, ba ta taɓa buɗe baki ta ce Inna me ya sa kika shige ba. Wannan haƙurin ya fi cin ran Kyauta fiye da a ce zaginta ta yi.

A shekara ta bakwai da tafiyar Isufu wani manomin albasa daga wajen Galmi, Tanimun, wanda matarsa ta rasu, ya aiko neman Balaraba. Dattawan majami'a suka zauna suka tashi ba su yanke ba. Babu gawa, babu shaida, babu saki. Daga ƙarshe suka ce maganar tana hannun uwar miji, tun da kowa ya san ita mai sauraron Ubangiji ce. Ta nemi kwana bakwai, aka ba ta.

Ran na bakwai ta daɗe a kan buzu har rana ta hau rumbu. Balaraba na zaune gefe da Littafi a cinya. Da ta ga tsohuwar ta buɗe ido sai ta yi tambayar da ta saba.

Kyauta ta ce, "Ban ji komi ba, ɗiyata. Shekara huɗu ke nan ban ji komi ba. Jiran da nike ce miki, ni ta ka hwaɗi, ba Shi ba." Ta juyo ta dube ta. "Na roƙe Shi, Ya aiko har gindin turmina, ni kau na shige ɗaki don kar mata su ce ban da kunya. Wanga laihina na. Ba ke za ki biya shi ba. Tashi ki yi aurenki."

Balaraba ta faɗa jikinta, suka yi kukan da suka shekara bakwai suna ɓoye wa juna. Kyauta ce ta wanke mata ƙwarya da tasoshi, ita ta ɗaure kayan a kan amalanke, ta raka ta har bayan gari kamar 'yar cikinta. Ta dawo gidan da babu mai karanta mata ko layi ɗaya.

Bayan mako guda aka ga ta ɗauki murhu da kasko ta kafa a bakin kwalta tana tuyar ƙosai, ita da ba ta taɓa talla ba. Da safe ta yi addu'arta da ka, ta yi shirunta, sannan ta fito. Duk motar siminti da ta tsaya, kafin direba ya ce a ba shi na nawa, sai ta miƙe ta faɗa da ƙarfi, a gaban maza da mata, "Ni ta uwar Isufu ɗan Barmo. Kai na anka ba saƙo?" Tsofaffin garin suka yi ta taɓe baki, wai tsufa ya cire wa Kyauta kunya. Direbobi suka saba da ita, wasu tun daga nesa suke girgiza mata kai don su hutar da ita tashi. Ba ta yarda ba, sai ta tashi ta tambaya da bakinta.

Shekara bakwai ta yi a wurin, har ciwon ƙirji ya kwantar da ita a daminar casa'in da takwas. Balaraba ta zo jinya da goyonta. Ran da za ta cika, wata mota ta rage gudu a bakin kwalta, tsohuwar ta yunƙura za ta tashi, jiki ya ƙi. Ta kama hannun Balaraba ta ce, "Yi maza ki hita. Ki ce ina nan."