Hular Kwanon Kawu Bulus

A gidanmu na Zuru ba a kashe murhu da zarar an kwashe tuwo. Kaka, mahaifiyar mamata, ita ta hana. Sai ta jawo 'yar kujerarta, ta tura gyaɗa cikin toka mai zafi, mu yara mu kewaye ta muna jiran tatsuniya da gyaɗar gaba ɗaya. Babana soja ne, kullum yana wani gari, shi ya sa a hannun Kaka na girma. Ni ce mai bakin gidan. Ranar da ba a ji muryata ba, sai an taɓa goshina a ji ko zazzaɓi ne.

A farkon shekarun dubu biyu aka buɗe gidan kallo a bayan layinmu, rumfar kwano ce da janareto, sai abin ya juya, mu muka koma ba Kaka labari. Ba ta taɓa leƙa wurin ba, amma tambayoyinta sun fi na malamin makaranta yawa. Kusan duk fim ɗin da muka kalla, na Turawa ko na Kudu, sai wani ya zo a kan mashin, baƙar hular kwano ta rufe masa fuska, ya zaro bindiga daga cikin riga, ya harbe mutum, ya ɓace. Da mun kai nan sai Kaka ta tsayar da mu. Ina yake sayen mai? Wa ke wanke masa rigar? In ya koma gida, da hular yake cin tuwo? Mu yi ta dariya, ita kuwa ba wasa take yi ba, so take ta sani.

"To, wa ke ciki?" Wannan ce tambayarta ta kullum. Mu ce ba a nunawa. Sai ta girgiza kai ta ce, "Kallon ga naku rabi ne."

Autan Kaka, Kawu Bulus, kabu-kabu yake yi, yana ɗaukar mutane a mashin zuwa kasuwa da ƙauyuka. Babana ya kawo masa tsarabar hular kwano baƙa mai gilashi, kuma a duk tashar shi kaɗai ke sa irinta. Yana da wata riga mai kauri da kullum gefen hagunta ke tudu. A lokacin yana shekara ta shida a golmo, wato noman da saurayi da abokansa ke yi wa uban yarinyar da zai aura. Gonar Baba Ɗanjuma ce a ƙauyen Manga, yarinyar kuma Lami. Damina ɗaya ta rage masa.

Ni na ɓata. Wata rana a makaranta ana gardamar fim, ba wanda ya kula ni, sai na ji bakina ya ce ai kawuna irinsu ne, har na ga bindigar da idona. Ba don mugunta na yi ba, so nake a dube ni. Aka kuwa dube ni. Mako guda ina shan rake kyauta, ina ƙara wa labarin gishiri. Ban tuna cewa a ajinmu akwai 'yar Manga ba, mai yayye maza da ba sa fashin gidan kallo. Kafin wata ya ƙare matan kasuwa sun fara tsallake Kawu suna hawan mashin ɗin na bayansa. Sannan Baba Ɗanjuma ya aiko cewa kada Bulus ya sake taka gonarsa sai ya san ko wane irin mutum ne. Da yammar nan Kawu ya zauna gaban tuwo har ya huce bai taɓa ba.

Har yau ban san yadda Kaka ta gano ni ba. Da dare ta jawo 'yar kujerarta. Ta tura gyaɗa cikin toka, ta ce yau ba ta son labarin fim, tata za mu ji, mai kunne ya matso.

Ta ce a wani ƙauye bisa dutse akwai mai ɗibar zuma. Da magariba sai ya kifa kwando a kansa, ya rufe jikinsa da fata, ya riƙe bakin wuta mai hayaƙi, ya hau itacen da amya take. Wata yarinya ta hango shi daga rafi. Ta gane tafiyarsa sarai, don a bayansa aka goye ta. Amma ita a ƙauyen ba mai sauraron ta, saboda haka da ta dawo sai ta ce ta ga dodo mai kan kwando yana fitar da hayaƙi. Nan da nan aka kewaye ta, tsofaffi ma suka ba ta tabarma. Washegari maza suka fita da kwari da baka. Mai zuma ya ji abin da ake ciki, sai ya ce in dai kwandon ne ke tsorata mutane, daga yau zai hau itace fuskarsa a buɗe.

Nan Kaka ta tsaya, ta shiga ɓare gyaɗa. Muka dame ta: sai me ya faru? Ƙudan zuman fa?

"Ban san ƙarshenta ba," in ji ta. "Mai ƙarshen tana zaune cikinmu, ta fi ni sani." Ta miƙo mini gyaɗar, ni kaɗai. Kunya ta rufe ni, na fashe da kuka, na faɗi komai a gaban Kawu.

Da safe Kaka ta ɗora mini hular a ka kamar ƙwarya, muka hau mashin mu uku zuwa Manga. Na durƙusa gaban Baba Ɗanjuma na maimaita abin da na faɗa. Kaka ta sa Kawu ya buɗe rigar: sifana biyu ne da fulogi, kayan gyaran mashin, naɗe a tsumma. Tsohon ya karɓi hular, ya leƙa cikinta, ya shinshina, har ya zura kansa ciki. Ya cire yana dariya, ya ce ai sai mutum ya dahu a nan bai sani ba. Na ɗauka shi ke nan, an gama.

"Ni na yarda da kai, Bulus," ya ce. "Amma ba duk Manga suka ga abin da na gani ba. In za ka taho gidana, taho da huskarka a buɗe."

Tun daga ranar Kawu ya rataye hular a ƙusa. Fasinjoji suka dawo, ya gama daminarsa, aka ɗaura aure da Lami. Kowa ya ji daɗi sai Kaka. Duk safiya in ya tada mashin sai ta nuna masa ƙusar ta ce ƙudan zuma ba su san an yi sulhu ba. Shi kuma ya yi murmushi ya wuce.

Shekara biyu bayan bikin, a hanyar Dirin Daji, akuya ta yanko masa, ya faɗi, kansa ya bugu. Allah ya yi da sauran kwana, ya tashi, amma kunnensa na hagu bai sake ji ba. Hular tana nan a ƙusarta, gizo-gizo ya yi saƙa a ciki.

Yanzu na girma, ina da 'ya'ya, Kaka ta daɗe da rasuwa. Har yau ina kallon fim, kuma har yau mai mashin ba shi da fuska. In yarana suka maƙale a jikina don ya fito, sai na ji tambayar Kaka a bakina: wa ke ciki? Nakan yi mamakin yadda abin da muka kalla a rumfar kwano ya fi ƙarfin shekara shida da mutum ya yi yana noma a gaban idon kowa. Da ina tsammani tatsuniyar nan a kan ƙarya take. Sai daga baya na lura cewa yarinyar ta gane tafiyar mai zuman tun farko, wannan ne abin da ya fi yi mini ciwo.

Kawu bai taɓa yi mini gori ba. In aka tambaye shi tabon da ke goshinsa, akuya yake cewa. Sau uku ina roƙon sa gafara a kan kunnen nan, kuma duk ukun ta gefen hagu na zauna, inda na san ba zai ji ba. A Kirsimetin da ya wuce, muna zaune bakin murhu, na tashi na zagaya dama na faɗa masa. Ya saurara har na gama. Sannan ya tono gyaɗa daga toka, ya ɓare, ya sa mini a hannu.

"Akuya ce, Rifkatu," ya ce.