Ƙurajen da muke kira tambarin gida

Na daɗe ban yi rubutu a nan ba. Masu cigiyata, ku yi haƙuri.

Ranar da na gane ciwona na gado ne, likita bai ma buɗe takardar hoton cikina ba. Ƙurajen gefen hancina ya tsura wa ido, ya ce, "Malama, wa ke da irinsu a gidanku?"

Na ce Yaya Sani, Allah ya jiƙansa. Da 'yarsa Rukayya. Da kakarmu, yadda na ji labari.

A gidanmu na Kebbe tambarin gida muke ce musu. Har tsokanar waɗanda ba su da su ake yi.

Farkon ciwon, ina surfe wani abu ya soke ni a kwiɓi, fitsari ya koma ja. Haka na Yaya ya fara bara, kwana biyu ya yi ya rasu. Aka ce jifa ne.

Daga Tambuwal aka tura ni Sakkwato, aka ƙara mini jini leda uku. Ƙari ne a ƙodojina biyu, ɗaya ya fashe. Likita ya ce ba daji ba ne, amma gadonsa ake yi, duk mai ƙurajen a yi masa hoto.

Aka sake tura ni gaba. Suka zura siririn bututu ta cinyata, suka toshe jijiyar da ke zubar da jinin. Idona biyu, ina ta salati. Ƙodar ta tsira.

Da na warware na je wajen Baffa, ƙanin mahaifinmu, shi ke riƙon Rukayya. Na tambaye shi ciwon kaka, wadda aka kai asibiti Sakkwato zamanin samun 'yancin kai.

Ya ce, "Ɗiyata, wa ya aike ki tonon wanga zance? Abin da anka rufe a bar shi rufe."

Ni ban ce masa an rufe komai ba.

Tun ranar nake zargin an faɗa musu tun lokacin, suka yi shiru don kada a guji auren gidanmu. Ba ni da shaida. Amma ina tuna Yaya sai in kasa gaishe da Baffa da zuciya ɗaya.

Na gode wa Allah, da ƙannen mijina da suka ba ni jini. Wanda ya ga jini a fitsari, ya tafi asibiti ranar, kuma ya faɗa wa likita ciwon danginsa duka.

Sau uku ina aika mai babur ya ɗauko Rukayya. Baffa ya ce lafiyarta lau. Har yau ba a yi mata hoton ba.