Lasifikar Cindo Bakanike

Duk wanda ya zauna Yelwa a shekarun da aka tare ruwa a Kainji ya san Cindo bakanike, mai gareji bayan tashar mota. Can wurin ginin dam ya koyi gyaran manyan motoci, inda ake fasa dutse da nakiya ba dare ba rana. Ya dawo da sana'a a hannu, amma kunnen dama ya mutu murus, na hagu na bin sahu. Ga shi mayen kiɗan kalangu. Abin da ke cin ransa ke nan, kada kunnen ya ƙarasa rufewa ya rabu da kiɗa har abada.

Matarsa Barakatu ta ce ya haƙura. Haƙuri kuwa ba ya cikin kayan aikin Cindo.

Ya ɗauki faifansa na kalangu sai shagon Jabiru mai sayar da rediyo da garmaho. Jabiru ya jona wata 'yar lasifika mai sheƙi, ya ɗora faifan, ya ɗaga murya.

"Malam Cindo, mi kaka ji?"

"Kukan sauro. Kawo wata."

Aka kawo wata, aka kuma, duk kanwar ja ce. Sai Cindo ya zaro dogon sukundireba, ya yi abin da yakan yi wa inji in yana neman inda ke ƙara: ya kafa tsinin a jikin akwatin lasifikar, ya ciji ƙotar don sautin ya bi haƙora ya shiga kansa. 'Yan kasuwa suka taru suna ƙyaƙyata dariya, ko a jikinsa. Haka ya bi lasifikun yana cizo, har ya kai ga wata ƙatuwa ta katako da aka jingine a lungu.

"Wagga ta tsufa, muryatta ta dushe," in ji Jabiru.

"Jona ta dai."

Aka jona. Sai ga ƙafar Cindo tana buga ƙasa, daidai da makaɗi. Wallahi ni da ke cikin masu dariyar sai da idona ya kawo ruwa.

Ita ya ɗauka. Ya ɗaure ta da ƙusoshi a jikin bencin aikinsa, ya jona ta da garmahonsa, ya ba ta wuta da batirin mota, yadda kiɗan zai bi katako ya shiga jikinsa.

Kafin damina ta zagayo kunnen hagu ya rufe. Cindo bai fasa ba, yana kwance kaburetar mota a kan bencin yana rausaya kai. In Barakatu ta kawo abinci ba ta ɓata bakinta da kira, sai ta ɗage allurar garmaho, kiɗa ya yanke, shi kuwa ya waiwayo.