Doyar da Na Yi wa Wanka

Ni ne mutumin da ya yi wa doya wanka da soso. Tsofaffin unguwarmu Nima sun san labarin, gara ku ji daga bakina.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin, ƙanin matata da ke Landan ya aiko cewa wani mai kanti a can yana son doya kwali arba'in, in ta yi kyau ni zan riƙa aika masa kullum. Ni da nake sayar da ita ɗai-ɗai a bakin titi, ranar har tafiyata ta canza.

Na sayo doya a kasuwar Agbogbloshie, na nufi ofishin masu ba da takardar fitar da kaya. Akawun ya karanto mini sharuɗɗa da Turanci, ina ta gyaɗa kai kamar na gane. Abu ɗaya na kama: Turawa ba sa son ƙasa a jikin doya. Manyan 'yan kasuwa gogewa suke yi a bushe, su naɗe da takarda, amma wa zai faɗa wa irina? Na koma gida, na tara bokitai, na wanke kowace har tana ƙyalli, na zuba a kwali da danshinta.

Kwali arba'in ba ya cika kwantena, sai na roƙi wani babban Alhaji ya ba ni lungu a tasa.

"Kawo takardarka kawai," in ji shi.

Takardar nan hatimi huɗu take so, kowanne a gini dabam. In na sami mai hatimi, mai sa hannu ya fita. In ya dawo, sai a ce hotona ya tsufa. Sati uku ina hawa da sauka a tashar motar Circle, takalmina ya buɗe baki. Jirgin Alhaji ya tashi, nawa kayan na zaune a zaure.

Ranar da hatimi na huɗu ya hau, tun daga bakin lungu wari ya tare ni. Doya ta zama kunu. Mai kanti kuma ya sami wani.

Muna kwashe ruɓar ni da uwar yara, takardar tana aljihuna, sai ta ce, ko kallona ba ta yi ba: "Malam, tunda takardar ce ta cika sharuɗɗa, aika musu ita su daka sakwara."